Jiƙa Shinkafa Tun Jiya

Damina ce, irin wadda hadari ke tasowa daga wajen dutsen Zuma tun hantsi, ruwa ya tsuge ya ƙi ɗaukewa sai bayan la'asar. Itace duk ya jiƙe, hayaƙi ya hana ni buɗe ido a gindin tanda. Shekara biyu ke nan da rasuwar babanku, gidan ya yi shiru har ina jin ɗigar indararo ɗaya bayan ɗaya. A wannan daminar ne gidan ya sake cika da surutu da dariya, sai dai ba da ni ake yi ba. Shekarar nan nake so in warware muku, domin kun tashi kuna jin dangi na cewa Maman Chidi ce ta ɓata wa Yayarku aiki. Ba ita ba ce. Ni na bar maganar ta yi yawo, ni kuma ya kamata in kamo ta tun ina da sauran numfashi.

Kun san Yayarku ce 'yar farina, kun kuma san al'adarmu. Ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake cewa, ko in ce da ɗayanku, "Gaya wa waccan abinci ya sauka." Ba na yabonta a gaban mutane, ba na zama tabarma ɗaya da ita. Haka uwata ta yi wa babban yayanmu, haka na tarar, ban kuwa taɓa ganin aibin abin ba. A wasu gidajen kaka ce ke cike wannan gurbin, to ita kakarta ba ta yi tsawon rai ba. Wadda ta cike shi ita ce Maman Chidi, 'yar ƙabilar Ibo da ta kama hayar ɗaki biyu na bakin ƙofa tun Yayarku tana rarrafe. Shinkafa da miya take sayarwa a bakin titin Gauraka, Hausa kuma a bakinta kamar ruwa, sai dai harshen ya ɗan karkace. Ita ta riƙa yi mata kitso, ita ta raka ta makaranta ranar farko. "Ada" take kiranta, wai a yarensu sunan 'yar fari ke nan, ni kuma ta ce mini Maman Ada. Tun daga ƙofar gida take ƙwala kiran, ba kunya ba tsoro. Ni ina ciki ina ji.

Yayarku kwamfuta ta karanta. A shekarar ta haɗu da wasu matasa uku: shugabansu, wani dogo mai tabarau da ake kira Injiniya Salisu, sai Blessing da Mubarak. So suke su ƙera manhajar waya, yadda ma'aikacin da ke sammakon Abuja zai yi odar abincinsa tun yana gida, mota na tsayawa Gauraka a miƙa masa ta taga, ba jira. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da goyo a baya, na ɗauka zama za su yi su yi ta buga rubutu. Ashe kafin a sa tubali sai an yi zanen gida. Zane suke yi. Ɗan mutum-mutumi shi ne mai saye ko mai sayarwa, akwati shi ne aikin da za a yi, kibiya kuma tana nuna abin da ke bin wani. Damuwarsu ita ce kowa a kwamfutarsa yake nasa. Ranar da suka fara zuwa gidan nan na ji su ta tagar zaure suna musu kamar masu rabon gado.

"Wannan ai tsoho ne," in ji Blessing. "Na turo sabo shekaranjiya."

"Wanne daga ciki?" in ji Mubarak. "Wanda kika sa wa suna na ƙarshe, ko na ƙarshen ƙarshe?"

"Ya isa haka," in ji Injiniya. "Tukunya huɗu, miya huɗu, kowa na rantsuwa tasa ce ta gidan. Daga yau tukunya ɗaya za mu ɗora."

Yayarku ya ɗora wa aikin. Ta share zauren da babanku yake ɗinki, ta ɗage keken zuwa lungu ta lulluɓe shi. Ta kawo wata na'ura da ba ta wuce kwalin sukari ba, ta ce wannan ba a kashe ta ko da wasa, ta haɗa mata batirin sola saboda ɗaukewar wuta. Mako biyu tana fama, wani lokaci abincinta ya huce a gefe. Da ta gama, duk zanen nan huɗu suka koma wuri ɗaya, suka sa masa suna rumbu. In Blessing ta ja kibiya a ɗakinta na haya a Maje, nan take Mubarak zai gan ta a gabansa. Kowa aka ba shi makullinsa, wato wata kalmar sirri. Wani makullin na kallo ne kawai, wani na gyara, babban makulli kuwa mai buɗe wa kowa yana hannunta. Ta rubuta doka a kwali ta manna a bango, na karanta da kaina ranar da na shiga shara: ba a aron makulli, kuma duk wanda ya taɓa abu rumbu zai rubuta sunansa da lokacin da ya taɓa. Na daɗe tsaye da tsintsiya a hannu ina kallon rubutun nan nata. Daɗi ya cika ni. Na fito ban ce komai ba, sai dai na ƙara musu waina biyar a kwano.

Wata safiya na ji Injiniya yana cewa zane ba zai yi kyau ba sai sun sami wadda ta san sana'ar abinci ciki da bai, ta zauna da su tana gyara musu. Shekara talatin ina suyar waina. Mata uku ke ɗaukar kula cike da waina daga gindin tandata zuwa Gauraka kullum. Na tashi na wanke hannu, na sa wankakken hijabi, na zauna bakin gado ina jira. Na ji takun Yayarku ta fito daga zaure. Ta wuce ƙofata.

"Mama! Mama, fito, mun ba ki aiki!"

Ƙofar Maman Chidi ta buga. Suka ba ta wata faffaɗar waya mai kamar faranti, da makullin gyara da sunanta. Ta fito tsakar gida tana taka rawa da ita a ka.

"Maman Ada, kin gani? Da tsufana na zama injiniya! Gobe sai ki ce mini ranki ya daɗe."

Na yi dariya na ce Allah ya sanya alheri. Na koma ɗaki na cire hijabin na ninke. Ban taɓa sanin akwai irin wannan wutar a cikina ba. Na sha ganin matar nan tana goya 'yata, tana share mata hawaye, ban ji komai ba sai godiya. Amma a ce sana'ata, abu ɗaya tak da na fi kowa a gidan nan sani, shi ma a ƙetare ni a kai mata? Daga ranar dariyarta ta koma mini kamar ƙarar injin markaɗe. In na ji "Mama" daga zaure sai in ƙara wa murhu itace ba gaira ba dalili. Abin haushi, wayar sola ta ɗakina ta bi, saboda haka kullum in za ta fita kasuwa nan take kawo farantin ta sa caji.

"Ki kula mini da ofis ɗina," haka take cewa.

Farantin kuma ba ya kullewa. Ta cika mantuwar kalmar sirri, sai Yayarku ta tausaya mata ta bar shi a buɗe.

Ina leƙawa, ba zan ɓoye muku ba. A nan na ga kuskurensu. Sun ja kibiya daga oda kai tsaye zuwa girki, daga girki zuwa karɓa. Ga mai shinkafa da miya daidai ne, ana ce mata ƙaro sai ta ƙara mudu a tukunya. Waina fa? Wainar da za a ci gobe, yau da azahar ake jiƙa shinkafarta, a kai markaɗe da yamma, ƙullun ya kwana ya tashi. In mutum arba'in suka yi oda da asuba, mai waina ba ta da abin ba su sai haƙuri. Haka mai koko, ita ma gasararta ba ta safiya ba ce. Kwana uku ina juya abin a raina. Da zan iya buɗe baki in ce, "Ke, zo ki ga," da an gama. Ban iya ba.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci, 'yan matan suka shiga kasuwa, Maman Chidi tana Gauraka. Na ɗauki farantin. Na sha ganin yadda take yi: a danna, a ja, akwati ya fito. Da yatsa ɗaya na rubuta a ciki, JIƘA SHINKAFA TUN JIYA. Na ja kibiya daga gare shi zuwa girki. Gumi ya jiƙa ni kamar na yi daka.

Da yamma na ji ihu a zaure. Yayarku ta fito da gudu, daidai Maman Chidi na sauke kwanuka daga Keke Napep, ta rungume ta.

"Mama, kin cece mu! Wallahi da mun ji kunya a gaban masu waina. Ta yaya ma kika tuna?"

"Ni?" in ji Maman Chidi.

"Ga sunanki nan rumbu ya rubuta. Ji ta, wai ni!"

Dariya ta rufe maganar. Ina tsaye bayan labule, na ga Maman Chidi ta juyo ta kalli ƙofata. Bayan sun watse ta same ni ina wanke tanda, ta tsuguna kusa da ni.

"Maman Ada, ni ban san waina tana kwana ba sai yau. Ki gaya mata."

"Me zan gaya mata?"

"Haba! Yarinyar nan za ta yi murna."

"Ai ta yi murnar. Na gani da idona," na ce, na ci gaba da wankina.

Kwana huɗu suka yi suna gini a kan akwatin nan nawa. Blessing ta rataya masa lokacin rufe oda, Mubarak ya jingina masa na koko da na alala, zane ya haifi zane. Suna ta kiransa akwatin Mama. Duk kira ɗaya kamar an ɗiga mini mai mai zafi a hannu. Ran Laraba suka tafi kasuwar Sabon Wuse jin ta bakin masu abinci, gidan ya rage ni kaɗai da farantin a kan caji. Ban yi shawara da kowa ba sai zuciyata, ita kuwa ta ce: naki ne, ɗauke abinki, in ba da sunanki ba kada ya zama na kowa. Na danna akwatin na nemi goge shi. Wani rubutun Turanci ya fito mai tsawo, da wurin dannawa biyu. Karatuna bai kai can ba. Na danna na dama. A zatona akwati ɗaya na ɗauke daga shafi ɗaya, kamar mace ta ɗauke ludayinta daga kwandon kwanuka. Ashe a rumbu abu ɗaya ne ke bayyana a kowane zane. Da na cire shi, duk abin da aka rataya masa ya bi shi.

Sun dawo da la'asar. Wannan karon ba ihu, shiru na ji, sai muryar Injiniya.

"Dawo da ajiyar jiya, kwafin zanen da aka adana."

"Ban gama haɗa ajiyar kullum ba," in ji Yayarku, murya ƙasa-ƙasa. "Ta Alhamis ce ta ƙarshe."

"Ta Alhamis? Jibi za mu nuna wa ƙungiyar masu abinci aikin nan, kina ce mini ta Alhamis? Wa ya goge?"

"Sunan Mama ne ya fito," in ji Yayarku. "Yau ne. Ƙarfe ɗaya da kwata."

Aka kira Maman Chidi, ta rantse da Allah tun safe tana bakin titi, farantin na gida.

"To wa ke gidan?" in ji Injiniya.

"Umma ce kawai," in ji Yayarku. "Ita kuwa ba ruwanta. Ba ta ma san me muke yi ba."

Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, ga shi kare ni take yi. Injiniya ya ce in haka ne wani ne daga waje ya sace makulli, ke nan rumbun da ta gina ɓarawo na shiga ya fita. Ya ce a kashe komai, kuma ba zai sake yarda da ginin da ta yi ba. Na ji kukan 'yata, ƙasa-ƙasa, irin na wanda ba ya so a ji. Maman Chidi ta ɗaga labulena ba sallama. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Yabo na karɓa don ke, zagi ma zan iya ɗauka. Amma Ada ba za ta ɗauka ba. Ki tashi, ko ni in faɗa."

Na sa hijabin nan da na ninke. Daga ɗakina zuwa zaure taku goma sha biyu ne, ban taɓa tafiya mai nisansa ba. Na yi sallama, duk suka miƙe. Injiniya na kalla, don ban iya kallonta ba.

"Injiniya, ba ɓarawo. Ni na sa akwatin ran Juma'a, ni na cire shi yau. Ginin yarinyar nan ba shi da ɓaraka."

Injiniya ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Umma, ku kuka rubuta jiƙa shinkafa?"

"Ni ce."

"To me ya sa kuka cire?"

"Ba sunana a kai," na ce.

Yaron kirki ne, bai ɗaga mini murya ba. Amma ya ce doka doka ce, ita ta rubuta ta da hannunta: an bar makulli a buɗe, ba a gama ajiya ba. Kafin magariba babban makulli ya koma hannun Mubarak. Bai sake dawowa hannunta ba. Damina na wucewa suka ɗauke na'urar zuwa wani ofis a Abuja, zauren babanku ya koma shiru, Yayarku ta shiga sahun masu sammako. Su yaran, don kunyata, ba wanda ya fitar da maganar. Dangi suka ji rabi, cewa sunan Maman Chidi ne ya fito, suka riƙe wannan. Ita kuma har ta koma garinsu ba ta taɓa musawa ba. In an yi zancen sai ta ce, "Tsufa ne, yatsa ya zame." Ni ina zaune ina ji, in yi shiru. Wannan shirun shi ne laifina na biyu, ya kuma fi na farkon girma.

A daina tsallake, in koma ranar. Bayan magariba ina tace shinkafar markaɗe Yayarku ta zo ta zauna a kan turmi. Ba ta saba ba.

"Umma, me ya sa ba ki ce mini ba?"

"Ke me ya sa ba ki tambaye ni ba? Ƙofata kika wuce."

"Umma, tun ina firamare in na kawo sakamako, cewa kike in kai wa Maman Chidi ta gani. Na ɗauka can kike so in riƙa kaiwa."

Gaskiya ta faɗa. Ni na nuna mata ƙofar da kaina, shekara da shekaru, sannan na zauna ina jin haushin wadda ta buɗe mata. Ta tashi, har ta kai bakin ɗaki ta juyo.

"Kafin in miƙa babban makullin na yanka wani ƙarami. Da sunanki. Akwatin nan sai an sake shi kafin jibi, kuma ba wanda ya san shi kamarki."

Washegari na gama suya da wuri, na sallami masu kula. Na ɗebi waina mai zafi a kwano na kai ɗakin Maman Chidi da kaina, ba aike ba. Ta karɓa ta ce, "Injiniya biyu a gida ɗaya, Allah ya kyauta." Daga nan na wuce zaure. Blessing ta ja mini kujera, ta nuna mini inda zan sa kalmata. Na danna, na ja, akwati ya fito, na rubuta abin da na rubuta ran Juma'a. A gefe sunana ya bayyana, da lokacin. Na ɗauka an gama, sai Mubarak ya ce akwai sabuwar doka tun jiya: gyara ba ya shiga rumbu sai mai gyaran ya rubuta sunan wanda zai duba masa.

"Ku sa nawa, Umma, in kun fi so," in ji shi.

Yayarku tana can gefe ta ba ni baya, tana yi kamar tana gyara waya a bango. Na kalli haruffan. Shekara ashirin da shida sunan nan yana bakina ban furta ba, ban kuma taɓa rubuta shi ba, ko a ajin yaƙi da jahilci da malama ta ce kowa ta rubuta sunayen 'ya'yanta, daga na biyu na fara. Na ɗaga yatsa na nemi harafin farko. Na daɗe kafin in gama, ba wanda ya taya ni. Da na danna, kwamfutarta ta yi 'yar ƙara a kan tebur. Ta zo ta zauna ta duba, ta daɗe tana dubawa, akwati ɗaya tak da kalma huɗu.

"Ya yi, Umma," ta ce.

Na tashi na koma ciki, don azahar na matsowa, shinkafar gobe kuma ba ta jiƙa kanta.